Daga Gobir zuwa Landan: abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya zaɓi masauki

Birnin Landan, fadar mulkin ƙasar Birtaniya, na daga cikin biranen arewacin Turai da 'yan Nijeriya suka fi kai wa ziyara, wasu don neman ilmi ko magani, wasu don ciniki ko aikin gwamnati. Ga wanda ya taso daga ƙasar Gobir, inda aka saba baƙo ya sauka a hannun maigida, zaɓen wurin kwana a wannan birni lamari ne da ke buƙatar lissafi tun kafin a bar gida.

A Sabon Birni da Isa, kamar a sauran ƙasar Hausa, ba a san baƙo da zaɓar wa kansa masauki ba. Falke ko ɗan ci-rani da ya nufi kudu, tun kafin ya isa ya riga ya san sunan maigidan da zai sauka a wurinsa a zango. Shi maigidan ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kayansa bashi, ya kuma shige masa gaba in wata rigima ta taso. Wani masani mai suna Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a shekarar 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya dogara kacokan a kan irin waɗannan masu gida.

Wato a wancan tsari masauki ya ƙunshi abubuwa huɗu a lokaci guda: wurin kwana, da abinci, da jagora, da kuma wanda zai tsaya wa baƙo. A Landan kuwa waɗannan abubuwa a rarrabe suke. Otal zai ba da gado da ruwan wanka, sauran ukun kuma sai baƙo ya nema da kansa. Unguwar da ya zaɓa ita ce za ta sauƙaƙa masa wannan nema ko ta tsananta masa, shi ya sa zaɓen unguwa ke gaba da zaɓen ɗaki.

Waɗanda suka riga zuwa

Alaƙar wannan yanki da birnin na Landan ta daɗe fiye da yadda akasarin mutane ke zato. A ƙarshen watan Maris na shekarar 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya yada zango a Isa a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno. Daga nan ayarinsa ya keta dajin Gundumi, tafiyar yini da kwana ba tsayawa, saboda tsoron farmakin mayaƙan Gobir da ke gaba da Sakkwato a lokacin. A cikin ayarin akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, da abokinsa Abbega. Su biyun sun bi Barth har Timbuktu, daga bisani suka ƙetara Sahara tare da shi, suka sauka Landan a watan Satumban 1855.

Dorugu ya zauna a gidan wani malamin mishan mai suna J. F. Schön a gundumar Kent, kudu maso gabashin Landan, inda ya taimaka masa wajen nazarin harshen Hausa. Labarin rayuwarsa, kamar yadda ya bayar da bakinsa, ya fito a cikin littafin Magana Hausa a shekarar 1885. Ya komo gida a 1864, ya kuma rasu a Kano a 1912.

Bayansa sai sarakuna. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, ya kuma gana da Sarki George na biyar. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka kai tasu ziyarar. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Abubakar Imam ya je cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, abin da ya haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Kazalika Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya halarci tarurrukan tsarin mulki da aka yi a birnin a 1953 da 1957 da 1958.

Abin lura shi ne kowane ɗayan waɗannan baƙi yana da wanda ya karɓe shi, ya tanadar masa wurin kwana da ɗan jagora. Matafiyin yau, in ba babban jami'in gwamnati ba ne, shi zai zame wa kansa maigida.

Shiri daga gida

Ga mutumin Isa ko Sabon Birni, zangon farko na tafiyar shi ya fi kowane haɗari. Hanyar da ta bi ta Gundumi da wadda ta bi ta Goronyo zuwa Sakkwato sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan. A watan Disamban 2021 an ƙona wata motar fasinja da mutanen da ke cikinta a yankin Sabon Birni, a 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kuma hallaka shi. A sakamakon haka ba a iya yanke ranar fita daga gida yadda aka ga dama, kuma wannan ya shafi batun masauki kai tsaye, domin wanda ya biya kuɗin otal da ba a mayarwa, in tafiyarsa ta jinkirta da kwana biyu, kuɗin kwana biyun sun tafi ke nan.

Ana cike takardar neman biza ne ta intanet, sannan mai nema ya je da kansa cibiyar da ke Abuja ko Legas a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Bizar ziyara ta wata shida ce, ana iya nemanta tun saura wata uku a tashi, kuma galibi amsa kan fito cikin mako uku. Kuɗinta a shekarar 2025 fam 127 ne. Ba ta ba da izinin yin aiki, kuma ba ta shigar da mutum Faransa ko Jamus, domin Birtaniya ba ta cikin yarjejeniyar Schengen, ta kuma fice daga Ƙungiyar Tarayyar Turai a ƙarshen watan Janairun 2020.

A cikin takardar akan tambayi adireshin da mutum zai sauka, jami'an shige da fice ma na iya maimaita tambayar a filin jirgin sama. Amma hukumomin Birtaniya ba su sharɗanta a biya kuɗin otal kafin a sami biza ba. Abin da suka fi dubawa shi ne ko mutum na da halin ɗaukar nauyin kansa, da kuma dalilan da za su sa ya komo gida. Saboda haka dabara ita ce a kama ɗakin da za a iya fasawa ba tare da asara ba. Wanda kuma ya bari wani ɗan kamasho ya haɗa masa takardar otal ko wasiƙar gayyata ta jabu, yana iya jawo wa kansa haramcin shiga ƙasar har na tsawon shekaru 10.

Birnin da ake aunawa da tashoshin jirgi

Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna cewa Landan na da mazauna kimanin miliyan 8 da dubu 800, a cikin ƙananan hukumomi 32 da kuma tsohon birnin da ke tsakiya. Kogin Thames ya raba shi gida biyu. Mutum na iya kwana a cikin Landan amma ya shafe sa'a ɗaya da rabi kafin ya isa inda yake da buƙata, shi ma a cikin Landan. Don haka mazauna birnin ba su cika auna nisa da kilomita ba, sai da yawan tashoshin jirgin ƙasa da kuma sau nawa za a canja jirgi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin ya fara aiki tun 1863, shi ne irinsa na farko a duniya, kuma yana da layuka 11 da tashoshi 272. An kasa birnin shiyya-shiyya kamar zoben albasa: shiyya ta 1 ita ce tsakiya, filin jirgin saman Heathrow kuma yana shiyya ta 6. Ana biya ne da katin Oyster ko katin banki, motocin bas ma sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a rana komai yawan zirga-zirgarsa. A farashin 2025, iyakar ta kasance fam 8.90 ga mai yawo tsakanin shiyya ta 1 da ta 2, da kuma fam 16.30 ga mai tasowa daga shiyya ta 6.

Alal misali, idan manya uku suka sami ɗaki a shiyya ta 6 da rangwamen fam 20 a kowane dare, kuma suna shiga tsakiyar gari kullum, ƙarin kuɗin jirgin da ka iya hawa kansu ya haura fam 22 a rana, ban da lokacin da zai salwanta a hanya. Araha dai ba ta ado. Lissafin ya ƙara nauyi tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, inda fam guda, da ake canzawa ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati a farkon shekarar, ya haura naira 2,000 a cikin 2024.

Layin da ya fi amfani ga baƙo daga arewacin Nijeriya shi ne layin Elizabeth, wanda aka buɗe a watan Mayun 2022. Ya taso daga Heathrow ya bi ta Southall da Paddington da Bond Street da Liverpool Street da Whitechapel, sannan ya rabu biyu, reshe guda ya nufi Stratford da Ilford, ɗayan ya nufi Woolwich. Dukkan tashoshinsa na da na'urar hawa da sauka, saɓanin yawancin tsofaffin tashoshin ƙarƙashin ƙasa, inda tsoho ko mara lafiya ko mai manyan akwatuna zai sha fama da matakala. Wanda jirginsa zai sauka a Gatwick kuwa, kamar jiragen Air Peace da suka fara tashi daga Legas zuwa can a watan Maris na 2024, ta kudu zai shigo, ya sauka a tashar Victoria ko London Bridge.

Kowace buƙata da unguwarta

Mai neman magani ya fi dacewa da yankin Marylebone da Paddington da Edgware Road. A nan titin Harley Street yake, matattarar likitoci masu zaman kansu, da asibitin The London Clinic inda tsohon shugaban Nijeriya Muhammadu Buhari ya rasu a ranar 13 ga watan Yulin 2025. Titin Edgware Road cike yake da gidajen abinci da kantunan Larabawa, kuma babban masallacin Regent's Park, wanda aka kammala a 1977, ana iya isa gare shi da ƙafa. Unguwa ce mai tsada, amma ga wanda zai riƙa ganin likita sau biyu ko uku a mako, kusanci ma magani ne. Wajibi ne kuma a san cewa asibitocin gwamnati na cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na kuɗin magani da zarar an kwantar da shi, kuma bashin da ya kai fam 500 da ba a biya ba na iya hana shi biza a gaba.

Wanda ya fi damuwa da jam'i da abincin halal cikin sauƙin farashi, gabashin birnin ya fi masa. Musulmi sun kai kashi 15 cikin 100 na mazauna Landan, wato kimanin mutum miliyan 1 da dubu 300, amma a ƙaramar hukumar Tower Hamlets sun kusan kai kashi 40, a Newham kuma sun haura kashi ɗaya bisa uku. Masallacin Gabashin Landan da ke Whitechapel, wanda aka buɗe gininsa na yanzu a 1985, na ɗaukar dubban masallata, kuma tun 2013 yana da katafaren sashe na mata. Da yawa daga cikin mazauna wurin 'yan asalin Bangladesh ne, don haka abincin shinkafa ce da miya mai yaji, wanda bai yi wa Bahaushe nisa ba.

Ga 'yan kasuwa, musamman mata masu sayen leshi da atamfa, kantunan da ke kewayen kasuwar Petticoat Lane, kusa da tashar Liverpool Street, sun daɗe da sanin 'yan Nijeriya, kuma tasha ɗaya ce tsakaninsu da Whitechapel. Sai dai tun daga farkon 2021 an soke tsarin da ke mayar wa baƙo harajin kashi 20 cikin 100 na kayan da ya saya a lokacin da zai fita ƙasar. Duk wanda ya yi lissafin ribarsa bisa tsohon tsarin zai ga giɓi.

Kudancin kogi shi ne yankin 'yan Nijeriya. A Peckham, wadda ake wa laƙabi da ƙaramar Legas, ana samun doya da manja da garin rogo da busasshen kifi a titin Rye Lane, haka ma a Woolwich da Thamesmead. A titin Old Kent Road akwai masallacin da ƙungiyar Musulmin Nijeriya mazauna Birtaniya ke gudanarwa. Galibin 'yan Nijeriyar wannan yanki Yarbawa ne da sauran mutanen kudu, Hausawa kuwa ba su da wata unguwa guda da za a kira zangonsu, a warwatse suke. Kazalika jirgin ƙarƙashin ƙasa bai isa Peckham ba, sai jirgin sama-da-ƙasa da motocin bas.

Malaman jami'a da ɗalibai masu bincike kan nufi Bloomsbury da King's Cross. A nan makarantar SOAS take, wadda ta shahara shekaru da dama wajen nazarin Hausa, da kuma babban ɗakin karatu na ƙasa. Amma mai neman takardun zamanin mulkin mallaka game da lardin Sakkwato da shata iyakar da ta raba Gobir biyu, aikinsa na gidan adana takardun tarihi da ke Kew ne, can yammacin birni, don haka ya fi masa ya sauka a kan layin District. Ita kanta gwamnatin Birtaniya, a farkon 2025, ta ƙayyade cewa ɗalibin da zai zauna a Landan sai ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata ban da kuɗin makaranta, kuma an ƙara adadin daga baya. Wannan ma'auni ne mai kyau ga duk mai son sanin tsadar zaman birnin.

Otal, gidan haya ko gidan dangi

Ga ziyarar 'yan kwanaki, otal-otal masu rassa da yawa irin su Premier Inn da Travelodge sun fi kwanciyar hankali, domin ɗakunansu kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Farashi na hawa da sauka gwargwadon lokaci, ya fi tsada a watannin Yuni zuwa Agusta da ƙarshen Disamba, kuma wanda ya kama da wuri ya fi samun sauƙi. Ba a cika ba da ɗaki kafin ƙarfe 2 ko 3 na rana ba, don haka wanda jirginsa zai sauka da sassafe ya nemi a ajiye masa kaya. Yawan mutanen da aka rubuta wa ɗaki shi ne ƙa'ida, ba a ƙara ko ɗaya. Ba a girki a ciki, kuma turaren wuta na iya tayar da ƙararrawar gobara, a fitar da mutanen otal gaba ɗaya, a kuma ci tarar mai ɗakin.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ba a rubutawa a talla. Ba a ajiye buta a banɗaki, sai mutum ya zo da tasa, kuma daɓen banɗakin ba shi da magudana, ruwan alwala da ya zuba na iya ɗiga wa na ƙasa. Karin kumallon Ingila ya ƙunshi naman alade, saboda haka bai zama dole a biya kuɗinsa tare da na ɗaki ba. Masaukan matasa masu araha kuwa, inda ake kwana mutum shida ko takwas a ɗaki, da yawansu na haɗa maza da mata, sai an tambaya tukuna. A lokacin dogon hutu wasu jami'o'in birnin na ba da hayar ɗakunan ɗalibai ga baƙi, kuma sau da yawa suna tsakiyar gari.

Iyali da masu jinya sun fi amfana da gidan haya mai kicin, domin abincin waje sau uku a rana ga mutum huɗu na iya kusantar kuɗin ɗakin kansa. Bisa dokar 2015, ba a yarda mai gida a Landan ya ba da hayar gidansa ga baƙi na ɗan lokaci fiye da dare 90 a shekara ba sai da izinin hukuma, don haka mai dogon zama ya bincika tun da wuri. Wanda zai yi girki ya kuma sani cewa an haramta shiga da nama da madara daga Nijeriya. Kilishi da dambun nama da man shanu duk jami'an kwastan na iya ƙwacewa. Busasshen kifi da zuma kuwa an yarda da su gwargwadon wani ƙayyadadden nauyi.

Sauka a gidan ɗan'uwa shi ya fi kama da tsarin gida, shi ma yana da nasa sharuɗɗan. Mai masaukin zai rubuta wasiƙar gayyata, ya haɗa da shaidar izinin zamansa da ta gidan da yake ciki. Gidajen ƙanana ne, babu zaure, babu ɗakin baƙi, sau da yawa yara ake tasa a ba baƙo gadonsu. Maigida da uwargida kan fita aiki tun da safe, kuɗin wuta da na gas kuma sun yi tashin gwauron zabo tun 2022. Sunna ta ƙayyade liyafar baƙo da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce, Hausawa ma sun ce baƙo raɓa ne. Faɗin ranar tafiya tun kafin a zo, da sa hannu a cefane, na kare zumunci.

Salla, azumi da yanayi

Sabon Birni na kan digiri 13 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, inda bambancin dare da rana tsakanin damina da hunturu yake kimanin sa'a ɗaya da rabi. Landan kuwa ta haura digiri 51. A ƙarshen watan Yuni rana kan fito da misalin ƙarfe 4:43 na asuba, ba ta faɗuwa sai 9:21 na dare, wato yini na fiye da sa'o'i 16 da rabi. A ƙarshen Disamba kuma yinin bai cika sa'o'i 8 ba, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba duk kan faɗo cikin sa'o'i huɗu. Agogon birnin daidai yake da na Nijeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuma yana baya da sa'a guda.

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli, shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya daga sararin sama. A sakamakon haka masallatai na amfani da hanyoyin ƙiyasi daban-daban wajen tsayar da lokacin Isha'i da Asuba, kuma jadawalinsu kan saɓa wa juna. Abin da ya fi sauƙi ga baƙo shi ne ya riƙe jadawalin masallacin da ke kusa da masaukinsa. A irin wannan lokaci akan yi Isha'i bayan ƙarfe 10 da rabi, alfijir kuma ya keto kafin ƙarfe 3, sa'ad da yawancin jiragen ƙasa ba sa aiki, don haka jam'in Asuba sai ga wanda zai iya takawa da ƙafa. A 2016, da azumi ya faɗo a watan Yuni, an riƙa kame baki na fiye da sa'o'i 18.

Alƙibla ma ta sauya. A ƙasar Gobir gabas ake fuskanta tare da ɗan karkata arewa, har kalmar gabas ta zama sunan alƙibla. A Landan kudu maso gabas ake dubawa, kimanin digiri 119 daga arewa. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru, kuma yawancin masu ziyara na cikin wannan hukunci. Dangane da nama, akwai hukumomin tantance halal fiye da ɗaya, fitattu su ne HMC da HFA, kuma sun bambanta a kan batun sumar da dabba kafin yanka. Alamarsu na manne a ƙofar mahauta da gidajen abinci.

Game da sanyi, a watan Janairu ma'aunin zafi kan tsaya kusa da digiri 5, don haka ya kamata a tabbatar kuɗin ɗumama ɗaki na cikin kuɗin haya. A lokacin zafi kuma yawancin gidaje da ƙananan otal-otal ba su da na'urar sanyaya ɗaki, ga shi a watan Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40 a Heathrow.

Hattara da 'yan damfara

Damfarar da ta fi kama baƙi ita ce ta gidan da babu shi. Akan sa hotunan gida mai kyau a Facebook ko WhatsApp da farashi mai rahusa, a nemi kafin alƙalami ta asusun wani mutum, ranar da baƙo ya iso da akwatunansa sai ya tarar ko dai adireshin ƙarya ne, ko masu gidan ba su san da zancen ba. Kariya ita ce a biya ta shafin otal ɗin kansa ko ta sanannen kamfani, a duba adireshin a taswira, in da hali kuma a tura wani ya gani da idonsa. Wajen canji ma a lura, domin tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki tun ƙarshen Satumban 2022, na roba ake karɓa. Wanda ya ɗauko tsabar kuɗi da ta kai fam dubu 10 wajibi ne ya bayyana wa kwastan.

A kan titi, abin da ya fi yawa shi ne fizgen waya, musamman a tsakiyar gari inda baƙi ke taruwa. Alƙaluman 'yan sandan birnin sun nuna an sace wayoyi kimanin dubu 80 a 2024. Tun da a cikin waya adireshi da tikiti da taswira suke, yana da kyau a rubuta adireshin masauki da lambar mai masauki a takarda a sa a aljihu. Motoci kuma ta hagu suke bi, tsarin da Nijeriya ta bari tun 1972, don haka dama ake fara dubawa kafin a tsallaka. Lambar neman agajin gaggawa 999 ce, ofishin jakadancin Nijeriya kuma yana titin Northumberland Avenue, kusa da dandalin Trafalgar.

Kafin a biya ko kwabo, akwai tambayoyi huɗu da suka kamata a amsa bi da bi: ina ne wurin da za a fi zuwa kullum, wace tasha ce ke kai wa can ba tare da canja jirgi ba, akwai masallaci da abincin halal da za a iya takawa da ƙafa daga wannan tasha, sannan nawa za a yi asara idan tafiya ta jinkirta. Sai bayan an amsa waɗannan ake duba hoton ɗaki. A baya ga haka, ko da a otal za a sauka, yana da muhimmanci a sami mutum guda a birnin, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko limamin masallacin unguwa, wanda ya san da zuwan baƙon kuma za a iya kiransa in wani abu ya faru, a kuma bar lambarsa da adireshin masaukin a hannun iyali a gida.